Sunan Mahaifin Yagana

Ina tsaka da tsame ƙosai daga mai na ji Huraira ta ƙwala mini kira daga cikin gida.

"Inna! Inna Furera! Ki zo, numfashinta ya sake sarƙewa!"

Na jefa matsamin cikin kwando, na janye itacen daga murhu, na ce wa dattijon da ke tsaye yana jiran ƙosansa ya ɗebi na kwandon ya tafi, ma haɗu gobe. Dama yawancin masu sayen ƙosaina 'yan jinya ne daga Asibitin Malam, sun san abin da irin wannan kiran yake nufi. Ya kauce ya ba ni hanya.

Gidan namu na haya ne, a wani lungu bayan titin Kotu a Gyaɗi-Gyaɗi, ɗakuna a jere suna kallon rijiya da igiyar shanya. Ɗakina ne na farko in ka shigo daga zaure. Nasu ne na can ƙurya kusa da banɗaki, wanda ba mai so. Su uku ne a ciki: Tijjani babba, sai Yagana, sai Huraira ƙarama. Duk lungun 'ya'yan Abdurrahman ake ce musu, marayun da suka gudo daga Barno.

Ɗaki ɗaya ne aka raba biyu da labule, tsofaffin zannuwa aka harhaɗa aka ɗinke aka rataya a igiya. Ɓangaren bakin ƙofa na Tijjani ne, tabarma da buta da jakar kayansa. Ciki na 'yan matan. Na tarar da shi tsaye ƙiƙam a gaban labulen, hannu a ka, yana ta jero tambaya.

"Huraira, yaya take? Ta buɗe ido? Ki yi mini magana mana."

"Kai dalla matsa!" na ce. "Maimakon ka shiga ka ɗaga ƙanwarka, ka tsaya kana yi wa labule tambaya?"

"Inna, ku dai ɗaga ta," ya ce, ko motsi bai yi ba.

Na bankaɗa na shiga. Yagana tana jingine da bango a kan katifa, don ta daɗe ba ta iya kwanciya a miƙe. Ƙafafunta sun yi suntum. Likitoci sun ce zuciyarta ce ta kumbura, sun ba ta magani, sun ce ta riƙa zuwa, ta yi ta zuwa har jikin ya ƙi. Muka tallafe ta ni da Huraira, muka ƙara mata filo, na kama yi mata fifita. A haka, tana fisgar numfashi da kyar, sai na ga hannunta yana laluben katifa. Na zaci ruwa take so. Ashe mayafinta take nema, saboda na bar labulen a ɗage. Huraira ta yi wuf ta sauke shi.

Ni fa ba yarinya ba ce. Na haifa, na aurar, na binne miji, kuma ni ake kira wankan gawa in mace ta rasu a lungun nan. Tun zuwansu nake kallonsu. Tijjani dogo baƙi, Huraira 'yar gajera fara, Yagana kuwa ba ta ɗauko ko ɗayansu ba. Hausar ma kowa da irin tasa. Kuma ina aka taɓa ganin wan da sai ya yi sallama ya jira ƙannensa sun rufe kai kafin a miƙo masa ruwan sha? Amma na kama bakina, abin da ban saba ba. Yaran ba su taɓa yi mini komai ba sai alheri. Tijjani in ya taso daga kasuwar Tarauni, inda yake yi wa wani mai bandar kifi aiki, shi ke faskara mini itace. Huraira ta kai mini markaɗen wake tun kafin in tashi. Yagana kuwa, lokacin tana da lafiya, a bakin zaure take zama da hular da take ɗinki, tana tsokanata wai ƙosaina ya fi ni laushin hali.

Da numfashin ya lafa, na ce wa Huraira ta je ta hura wutar nan ta soye sauran ƙullun kada ya yi tsami. Tijjani ya ce zai wuce kasuwa. Muka rage ni da Yagana. Hular da take ɗinki tana gefenta, zare kore da ruwan toka, an ci rabi, allura a soke a jiki.

"Inna," ta ce, muryar can ƙasa, "ke za ki yi mini wanka ko?"

"Rufe mini baki, ja'ira. Wankan aure zan yi miki, shi ma sai kin daina zagin ƙosaina."

Ta yi murmushi har wushiryarta ta fito. "Ki bar wasa, Inna. Na san jikina." Ta huta, ta kalli labulen, ta dawo da ido kaina. "Sunan babana ba Abdurrahman ba ne."

Na ci gaba da fifita. Na ce ina jin ta.

Ta ce ita 'yar Bama ce. Tijjani ɗan Baga ne, Huraira kuma daga wani ƙauye ta wajen Gwoza. A sansanin 'yan gudun hijira suka haɗu a Maiduguri, kowa ba uwa ba uba, kowa yana bin layin abinci shi kaɗai. Tijjani ne ya fara riƙe musu layi, daga nan suka fara ci tare. Da aka tashi sansanin aka ce kowa ya koma garinsu, su ba su da wanda za su koma wa, sai suka hau mota ɗaya zuwa Kano. Suka yi ta kwana a tashar Unguwa Uku. Duk gidan da suka je neman ɗaki sai a tambaye su mene ne tsakaninsu, in sun faɗi gaskiya a rufe ƙofa. Wani direba ne ya ce musu, yo ku ce uwarku ɗaya ubanku ɗaya mana. Sai Tijjani ya ara musu sunan babansa.

"Ya riƙe mu kamar ƙannensa, Inna. Wallahi ko gashina bai taɓa gani ba. Amma ni babana sunansa Malam Modu Kaumi. Mai hula ne a bakin kasuwar Bama, shi ya koya mini wannan." Ta ɗora hannu kan hular. "Ranar da aka shigo garin na tafi kai masa abinci. Ban same shi a rumfa ba, ban kuma samu komawa gida wajen iyata ba. Har yau ban sani ba ko suna raye."

"Allah ya sa suna raye."

"Amin. Inna, in an zo sanarwa a lasifikar masallaci, ina so a faɗi sunansa. In aka ce Yagana Abdurrahman, shi ke nan na ɓata. Ko sun zo nema wata rana, za a ce musu ba a taɓa yin 'yar Modu a nan ba. Kuma ina jin kunya a sallace ni da uban aro."

"To ai wannan mai sauƙi ne," na ce, alhali na san ba mai sauƙi ba ne.

"In an faɗa, Alhaji mai gidan nan zai gane. Zai tashe su. Huraira ba ta da kowa a duniya sai Tijjani." Hawaye ya gangaro mata, ba ta da ƙarfin sharewa. "Shi ya sa ban gaya musu ba. Ke nake gaya wa."

Kai, yarinyar nan ta ɗora mini kaya. Na sunkuyar da kai don kada ta ga idona, sai na hango ƙafafu a ƙarƙashin labule, manya, duk faso a dunduniya. Ashe Tijjani bai tafi kasuwar ba. Ƙafafun suka daɗe a wurin, sannan suka juya a hankali suka fita.

Alhaji Inuwa shi ne mai gidan. Gidansa na jikin namu, tsohon ma'aikacin gwamnati ne, yana cikin dattawan masallacin lungu. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Amma wasu ɗalibai sun taɓa ja masa abin kunya a gidan nan, har magana ta kai gaban mai unguwa, tun daga ranar ya dafa Alƙur'ani ya ce namiji da macen da ba muharramarsa ba ba za su ƙara haɗa ɗaki a gidansa ba. Kowa a lungun ya san da wannan.

Kwana biyu bayan maganarmu da Yagana ya shigo dubiya da kankana a leda. Ya tsaya a tsakar gida ya yi mata addu'a daga nesa. Da zai fita na bi shi zaure, ina gyara ɗaurin zani kamar ba wani abu.

"Alhaji, yaran nan dai akwai tarbiyya."

"Ai shi ya sa ban taɓa da-na-sanin ba su ɗakin ba. Allah ya jiƙan Malam Abdurrahman, ya bar baya mai kyau."

"To ni fa cewa na yi, ko da a ce ba ciki ɗaya suka fito ba, irin zaman nan nasu ai..."

Ya juyo ya kalle ni ta saman tabarau. "Furera, wace irin magana ce wannan? Don 'yan uwan juna ne na ba su. In ba haka ba, ko ɗan cikina ne sai ya fita. A gabanki na rantse, ko kin manta?"

"A'a, hira ce kawai, Alhaji."

"To a canza hira."

Na dawo ciki ina jin kamar in fasa ihu. Na huce a kan wata 'yar haya da ta bar mini ruwan wanke-wanke a hanya, baiwar Allah ba ta san laifin da ta yi ba.

Da magariba na kai musu kunu, na tarar za su ci abinci. Na sha ganin yadda suke ci, amma sai ranar na gane. Faranti ɗaya ne, babba na silba, sai a tura shi ƙarƙashin labule, rabi a ɓangaren Tijjani, rabi a nasu. Ba mai sa hannu sai Tijjani ya yi wata addu'a ƙasa-ƙasa, wadda ban taɓa jin abin da yake cewa ba. Ranar ya ɗan ɗaga murya, don ya san na sani.

"Allah ka ciyar da na Baga, da na Bama, da na Gwoza, duk inda suke. In sun riga mu, ka yi musu rahama."

"Amin," in ji 'yan matan daga bayan labule.

Yagana ba ta iya ci, amma sai da ta miƙa hannu gefenta na farantin ta ɗebo 'yar loma ta riƙe, don kada a ce ba da ita aka ci ba. Na ajiye kunun na fita da sauri.

Washegari Huraira ta same ni a bakin rijiya, idonta jawur. Tijjani ya gaya mata.

"Inna, ki ba ta haƙuri. Ai Allah ya san sunan babanta, sai an faɗa a lasifika?" Ta riƙe bakin gugan da nake ja. "Ni na gaji da gudu, Inna. Ɗakin nan ne kaɗai wurin da na taɓa kwana ban sa takalmana a ƙarƙashin filo ba. In aka raba ni da Yaya ina zan sa kaina?"

"To ki gaya mata da bakinki mana."

"Ba zan iya ba. Ita ta riƙa goya ni zuwa wajen masu magani lokacin da ƙafata ta yi gyambo a sansani. Yanzu abu ɗaya ta roƙa, in ce mata a'a?"

Ta fashe da kuka, ta toshe baki da hijabi don kada a ji a ƙurya. Na dai karɓe gugan na cika mata bokiti.

Abin da ya fi ci mini rai, su ukun ba wanda ya ƙara tayar da maganar a gaban ɗan'uwansa. Yagana tana tausayinsu, su suna tausayinta, kowa ya haɗiye nasa. Ɗakin ya yi tsit, sai tarinta da ƙarar maficin Huraira. Tijjani ya bi ya rame ya koma kamar sanda. Na taɓa tare shi a zaure yana faskare, na ce, "Ɗan nan, me ka yanke?"

Ya ɗaga gatari ya sauke. "Inna, Allah dai ya ba ta lafiya."

"Amin. In kuma bai ba ta ba fa?"

Ya tattara mini itacen ya jera a jikin bango, ya fi kullum kyau.

Ranar wata Laraba da hantsi Yagana ta cika. Ba wani tashin hankali. Ni ina bakin kasko, Huraira tana taje mata kai, Tijjani yana bayan labule yana karanta mata Yasin, don ranar ya ƙi fita kasuwa. Huraira ta ce kawai ji ta yi kan ya yi nauyi a cinyarta. Da na shigo na shafe mata ido, na ɗaure mata haɓa da ɗankwalinta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na wanke mata da yawa a rayuwata, tsofaffi da masu jego, amma ban taɓa jin abin da na ji ranar ba.

Ba a jima ba Malam Baballe, ladanin masallacinmu, ya yi sallama daga zaure.

"Tijjani, Allah ya ba ku haƙuri. Zo ka ba ni cikakken suna in yi sanarwa, a samu a sallace ta bayan azahar."

Na ji Tijjani ya rufe Alƙur'ani ya miƙe. Huraira ta matsa jikin labulen, ba ta ɗaga shi ba.

"Yaya."

"Na'am."

"Ka tuna da ni."

"Ban taɓa mantawa da ke ba, Huraira," ya ce, ya fita.

Muka shiga wanka. Na sa aka ɗumama ruwa aka zuba magarya. Ni ina wankewa, Huraira tana zuba mini da buta, matan gidan biyu suna riƙe da zani. Sai lasifikar masallaci ta yi ƙugin nan da take yi in Malam Baballe ya hura ta. Ruwan ya tsaya. Huraira ta ƙame da butar a hannu, ni ma hannuna ya tsaya a kafaɗar Yagana.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jama'a, ana sanar da ku rasuwar Yagana, 'yar Malam Modu Kaumi mai hula, mutumin Bama, wadda ke zaune a gidan Alhaji Inuwa. Za a yi jana'izarta bayan sallar azahar a ƙofar gidan. Allah ya ba da ikon zuwa."

Ya sake maimaitawa. Matan nan suka kalli juna, ɗaya ta buɗe baki, na watsa mata harara ta mayar ta rufe. Huraira ta ajiye butar, ta durƙusa ta kifa kanta a kan ƙafafun Yagana, kafaɗunta na jijjiga. Na zaci kururuwa za ta yi. Sai na ji tana magana ƙasa-ƙasa.

"Kin ji ko? Ya faɗa daidai. Kaumi. Bai yi kuskure ba."

Ta ɗago ta share fuska da bayan hannu, ta ɗauki butar. "Inna, mu ci gaba."

Maza suka sallace ta suka tafi da ita maƙabartar Tarauni. An gaya mini Alhaji Inuwa yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar, bai ce wa kowa uffan ba. An kuma ce da aka zo sa ta a kabari, Malam Baballe ya yafito Tijjani, shi kuwa ya ja da baya ya ce dattawa su sa ta, shi ba muharraminta ba ne. A gaban kowa ya faɗa. Kafin la'asar labari ya zaga lungu, wasu na Allah sarki, wasu na taɓe baki. Wata ta zo gaisuwa tana miƙa wuya cikin ɗakin tana cewa, "Ikon Allah, ashe haka ake zaune?" Na kamo hannunta na kai ta gaban labulen, na ce ta kalle shi da kyau, ya fi ƙofar ɗakinta ta ƙarfe tsare mutunci. Ko ruwa ba ta tsaya sha ba.

Washegari da yamma aka yi sallama, wai wani dattijo yana son yi wa mata gaisuwa. Na fita zaure, Huraira na bayana, Tijjani ne ya shigo da shi. Ina ganinsa na gane shi. Dattijon nan ne da na bari tsaye a gaban kaskona ranar da Huraira ta ƙwala mini kira. Matarsa ce ke kwance a asibiti. Ya ce ya fito sayen ruwan zafi ya ji sanarwar, ya tsaya cak a tsakiyar titi har wani mai a-daidaita-sahu ya zage shi. Da shi aka je maƙabarta.

"Ni mutumin Bama ne," ya ce, da irin Hausar Yagana sak. "Modu Kaumi shi ya ɗinka mini hular aurena. Rumfarsa tana kallon ta masu goro. Akwai wata 'yar yarinya da ke kawo masa abinci, mai wushirya."

"Ita ce," in ji Huraira.

"Baba, yana raye?" in ji Tijjani.

Dattijon ya girgiza kai. "Ban sani ba, ɗana. Ba zan yi maka ƙarya ba. Na taɓa jin an ce an ga matarsa ta wajen Kamaru, amma da daɗewa. Mutanenmu suna komawa gida kaɗan-kaɗan, zan sa a tambaya. In Allah ya sa an same ta, a ce mata me?"

Huraira ta juya ta shige, ta dawo da hular nan, allurar na nan inda Yagana ta soke ta. Dattijon ya karɓa da hannu biyu, ya kai ta kusa da ido, ya bi ɗinkin da babban yatsa.

"Hannun Modu ne," ya ce.

"A ce mata 'yarta tana maƙabartar Tarauni," in ji Tijjani. "A ce mata da sunan babanta aka sallace ta."

Ni dai ban iya tsayawa ba, na koma ɗakina na zauna a bakin gado na yi kuka mai isata. Makonni bawan Allahn nan yana sayen ƙosai a ƙofar gidan nan, ita tana kwance a ƙurya, zaure da tsakar gida ne kawai tsakaninsu. Da an kira ta da sunanta tana raye, da ta ji wanda ya san rumfar babanta. Wallahi abin ya ƙona mini rai, kuma na rasa wanda zan zaga.

Bayan sadakar uku Alhaji ya aiko a kira ni da Tijjani. Yana zaune a kan benci a zaure, carbi a hannu, bai ja ko ɗaya ba.

"Tijjani, ka yi mini ƙarya."

Tijjani ya tsuguna. "Na yi, Alhaji. Ka yafe mini."

"Na yafe maka. Abin da ka yi ranar Laraba ba kowa zai iya ba, na sani. Amma na rantse, kuma yanzu duk unguwa ta ji."

Ai kuwa na taso masa. "Haba Alhaji! Ka shiga ka ga labulen nan kuwa? Yaran da suka fi ni da kai tsoron Allah? In rantsuwa ce ai akwai kaffara!"

"Furera, ba na zarginsu da komai. Amma in na bar su, gobe wani zai zo da tasa ya ce ai na bar su Tijjani. Yarinyar in kin yarda ta koma ɗakinki. Shi ya nemi wuri."

"To a ɗaura musu aure mana!" na ce. "Ga Malam Baballe nan, ga ka, ga ni. Yau ɗin nan ma a gama, su zauna a ɗakinsu."

Alhaji ya ɗago, na ga alamar shawarar ta shige shi. Muka juya muka kalli Tijjani. Shi kuwa kallona yake kamar na zage shi.

"Inna," ya ce, "Huraira fa ƙanwata ce."

Alhaji ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

Tijjani ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki buta da jaka. Mai bandan ya bar shi yana kwana a rumfa a kasuwar Tarauni, cikin warin kifi da sauro. Huraira ta kwaso 'yan kayanta ta dawo ɗakina. Da safe da na zo kaɗe shimfiɗa na ga takalmanta a ƙarƙashin filo, na mayar da filon yadda yake. Ɗakin ƙurya aka sa masa kwaɗo. Labulen ba wanda ya kwance shi, in ka zo wucewa banɗaki kana hango shi ta taga.

Da magariba na ji sallamarsa a ƙofar gida. Na leƙa na ce ya shigo zaure mana, ya ce a'a Inna, nan ma ya isa. Huraira ta ɗauko farantin silbar nan ta zuba shinkafa da wake, ta kai ta ajiye a kan dokin ƙofa, rabi a ciki, rabi a waje. Ita ta zauna daga cikin zaure, shi ya tsuguna a lungu, masu dawowa daga masallaci suna ratsa shi suna wucewa.

"Allah ka ciyar da na Baga, da na Gwoza, da na Bama," ya ce, wannan karon da muryarsa sosai. "Waɗanda suka riga mu, ka yi musu rahama."

"Amin," in ji Huraira.

Suka ci, ba hira. Ya wanke hannu da butarta, ya ce ta gaishe ni, ya kama hanyar Tarauni. Da ta shigo mini da farantin, an cinye ko'ina tas sai gefe ɗaya, 'yar shinkafa kamar cikin tafin hannu, ta huce.